Arhar kuɗin kujera tsakanin Jidda da Makka: daga aljihun wa take fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Makka ne, ina aiki a Jidda, kuma motar haɗaka nake shiga, wadda kowa yake biyan kuɗin kujerarsa. A 'yan shekarun nan kuɗin kujera bai tashi yadda sauran kaya suka tashi ba, wani lokaci ma idan aka yi ciniki direba yakan sauko ƙasa da yadda aka saba. Mu fasinjoji muna jin daɗi, direbobi suna kuka, sannan ina ganin ana karɓar ninki biyu ko uku daga hannun masu Umara da suka zo daga gida a kan kujera irin tawa. Shin wannan arha adalci ce ga direba? Shi kuma baƙo, an yi masa adalci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, tambayoyi biyu ka kawo, amma wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗin motocin haya, kamar yadda na riƙe a wani kamfani a Jidda, ya san cewa ba a raba su. Arhar da kake samu da tsadar da ake ɗora wa mai Umara sukan fito daga mota ɗaya a yini ɗaya, kuma sau da yawa ta biyun ce take cike giɓin da ta farkon ta bari. Ra'ayina shi ne arha ba zalunci ba ce a karan kanta, abin dubawa shi ne inda aka samo ta. Idan cikar mota ce ta kawo ta, kowa ya amfana. Idan kuwa daga barcin direba aka yanko ta, ko daga lafiyar motarsa, ko daga rashin sanin baƙo, to akwai wanda ya biya maka cikon ba tare da an nemi yardarsa ba.

Mu fara da abin da ya sami direba. Har zuwa ƙarshen 2015, litar fetur mai lamba 91 halala 45 ce a Saudiyya (halala 100 ce riyal ɗaya). A Disambar shekarar aka mayar da ita halala 75, a Janairun 2018 ta koma riyal 1.37, daga nan aka riƙa sauya farashin lokaci zuwa lokaci har Yulin 2021, sa'ad da gwamnati ta tsayar da shi a kan riyal 2.18, mai lamba 95 kuma riyal 2.33. Cikin ƙasa da shekara shida mai ya kusa ninkawa sau biyar. An shigo da harajin VAT na kashi 5 cikin 100 a Janairun 2018, aka mayar da shi kashi 15 a Yulin 2020, kuma yana hawa kan taya da baƙin mai da batir da kowane ƙarfe da makanike zai saka. Direban da ba ɗan ƙasa ba, idan iyalinsa suna tare da shi, tun Yulin 2017 yake biyan kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, wanda ya fara daga riyal 100 a wata ya kai 400 a 2020. Saboda haka ko da kuɗin kujera bai sauka da halala ɗaya ba, tsayuwarsa wuri ɗaya cikin waɗannan shekaru ragi ne babba.

A daidai lokacin da abin da yake kashewa ke hawa, hanyar ta cika da abokan gasa. Jirgin ƙasa na Haramaini ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2018, yana haɗa Makka da Madina ta Jidda a kan nisan kilomita 450, kuma yana da tashoshi a Rusaifa da Sulaimaniyya da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz. Manhajojin waya irin su Uber da Careem sun koya wa mutane ganin farashi kafin su buɗe ƙofar mota. Ga bas-bas na tsakanin garuruwa, ga na cikin Makka da suka fara aiki kyauta a 2022 kafin daga baya a sa musu riyal 4. Jirgin ƙasa ya fi kujerar haɗaka tsada, amma fasinjan da ya kwashe shi ne wanda a da yake ɗaukar shatar mota sukutum, kuma a wurin irin wannan fasinjan direba yake samun rarar da ke riƙe shi a ranakun da kasuwa ta mutu. Da masu shata suka ragu, motoci da yawa suka dawo suna rububin masu kujera, kuma idan motoci suka fi fasinja yawa ba sai an kira taro ba, farashi zai sauko da kansa.

Ga lissafi, kuma alƙaluman da zan sa na misali ne domin a ga yadda abin yake aiki, ba farashin wata tasha nake faɗa ba. Tsakanin Jidda da Makka wajen kilomita 80 ne, gwargwadon inda aka tashi da inda aka sauka, zuwa da dawowa 160. Ƙaramar mota irin Camry ko Sonata, da fasinja huɗu da na'urar sanyi a kunne, mu ce tana shan lita 8 a kowace kilomita 100. Sawu ɗaya na zuwa da dawowa zai ci lita 13, wajen riyal 28. Mu ƙara kwatankwacin wannan saboda taya da baƙin mai da birki da inshora da tsufan motar kanta, domin kowace tafiya tana rage mata daraja ko direba ya lissafa ko bai lissafa ba. Ke nan kafin ya sayi ko da kofin shayi, wajen riyal 60 sun tafi. Idan kujera riyal 20 ce, mota ta cika zuwa da dawowa, ya tara 160 ya tsira da 100. Idan aka sauko da kujera zuwa 15, ya tara 120 ya tsira da 60. Kai fasinja an rage maka kashi ɗaya bisa huɗu, shi kuwa an rage masa kashi biyu bisa biyar na abincin gidansa, saboda gidan mai ba ya yin ragi, mai sayar da taya ma haka, duk ragin a kan rabon direba yake sauka. Idan kuma ya dawo babu kowa a farashin 15 ɗin, ya tara 60 ya kashe 60, ya yi wahalar awa uku ko huɗu a banza.

Wannan ne ya sa kujerar ƙarshe take da nauyin da fasinja ba ya gani. Ka sha ganin abin da idonka a Bab Makka, inda ake lodi a Jidda: mutum uku sun zauna, inji yana aiki saboda zafi ba zai bari a kashe sanyi ba, direba yana tsaye ƙafa ɗaya a waje yana kiran "Makka, nafar wahid!", wato saura mutum ɗaya, na gaba yana duba agogo, na baya ya riga ya sa hannu a marfin ƙofa yana cewa zai koma waccan motar da ta kusa cika. A cikin waɗannan 'yan mintuna direba yana zaɓe ne tsakanin asarori: ya tashi da uku, ko ya roƙi ukun su raba kuɗin kujerar da babu kowa, ko ya karɓi duk abin da mutum na huɗu ya taya. Yawancin ragin da kake samu ta hanyar ciniki a nan ake haifarsa, kuma ban ga laifinka a ciki ba, domin riyal 10 a kujera ta huɗu ya fi wa direba a kan ya tafi da ita fanko. Ɓarnar tana farawa ne ranar da farashin mutum na huɗu ya zama farashin kowa, tunda ukun da suka ji an rage wa wani a gabansu, gobe ba za su yarda su biya cikakke ba.

Direbobin wannan hanya kuma ba a matsayi ɗaya suke ba, shi ya sa farashin da ke yi wa wani daɗi yake karya wani. Akwai ɗan ƙasa mai motar kansa, mai albashi ko fansho, wanda ko da fasinja ko babu dama Makka za shi. Duk abin da ya samu a kujerun nan ƙari ne a kan kuɗin mansa, don haka riyal 15 ba ya yi masa ciwo. Shi ne kuma doka ta ba damar yin aikin manhaja da motarsa, domin an keɓe wannan ga 'yan ƙasa, idan tasha ta yi sanyi sai ya kunna waya. Akwai baƙon direba mai tuƙa tasin kamfani, ɗan Pakistan ko Bangladesh ko Yaman ko Sudan, wanda a tsarin da ya yaɗu yana da adadin da zai kai wa kamfani kullum, ko ya samu ko bai samu ba, sai abin da ya haura wannan adadi ne nasa. Na ukun shi ne wanda ake kira kaddad, mai ɗaukar fasinja da motar gida ba tare da lasisin haya ba, kuma ba sai mun ɓoye wa juna ba, akwai 'ya'yanmu da aka haifa a Makka da Jidda a cikinsu, waɗanda rashin takardar zama ɗan ƙasa ya toshe musu ƙofofin ayyuka masu yawa. Shi ba ya biyan kuɗin lasisin haya, ba ya da adadin da zai kai wa kamfani, don haka yana iya sauko da kujera ƙasa da kowa. Amma yana tuƙi ne da tara ta dubban riyal a wuyansa, da tsare mota, da yiwuwar a fitar da shi daga ƙasar idan ba ɗan ƙasa ba ne, kuma kamu ɗaya yana iya cinye abin da ya tara a watanni.

Na farko da na uku su ne suke yanka farashin tasha, saboda su ne nauyinsu ya fi sauƙi, na biyun kuma shi yake kwana a ciki. Abin takaici ne a ce wanda ya fi kowa bin doka, mai lasisi da inshorar haya da motar da ake dubawa, shi ne arhar ta fi cuta. Idan ka tambaye ni ko an yi wa direba adalci, amsata ita ce ɗan ƙasa mai albashi ba a zalunce shi ba, kaddad ya sayi arharsa da hatsarin da ya ɗauka, direban kamfani kuwa an zalunce shi, sai dai babban kason laifin ba a kan fasinja yake ba. Yana kan tsarin da ya bar adadin kamfani a tsaye cak alhali kuɗin kujera yana sauka, ta yadda mai mota ba ya jin ko kaɗan daga cikin asarar da mai tuƙa ta yake ji.

Abin da na gani a littattafan da na riƙe shi ne idan kuɗin sawu ya ragu direba ba ya barin aikin, awoyi yake ƙarawa. Wanda yake tashi bayan Isha'i sai ya kai tsakar dare, wanda yake hutun Juma'a sai ya daina. Daga nan sai gudu, domin a matse sawu ɗaya ya shiga cikin yini, kuma kyamarorin Sahir masu kama gudu a kan titi ba sa tambayar dalili, tara ɗaya ta gudu tana iya haɗiye ribar sawu biyu ko uku. Sai jinkirta gyara: tayar da ya kamata a canza kafin bazara a ce ta ƙara wata ɗaya, a ƙasar da zafin kwalta yake fasa sabuwar taya balle tsohuwa. Sai cusa mutum na biyar a mota mai ɗaukar huɗu. Idan duk wannan bai cike giɓin ba, saura hanya guda wadda ba ta buƙatar mai ko taya, wato fasinjan da bai san farashi ba.

A nan ya kamata a rarrabe, domin baƙi iri biyu ne a wannan hanya. Akwai baƙo mazauni, mai igama, lebura ko mai shara ko mai gadin shago, ko kai kanka Malam, wanda ya san kuɗin kujera, ya san inda ake tsayawa, yana jin Larabcin ciniki. Wannan shi ne ya fi kowa cin moriyar arha, kuma ga mai ƙaramin albashi da ke son ya yi Juma'a a Harami, riyal biyar abu ne. Sai baƙo mai ziyara, wanda ya sauka jiya. Launin fasfo ba shi ne ya raba su ba, sanin gari ne, shi ya sa Hausawa suka ce baƙo ko da ido makaho ne. Ka tsaya wata safiya a titin Ibrahim Khalil ta wajen Misfala ka ga dattijuwa da ta zo daga Katsina ko Maraɗi tana son zuwa Tan'im ta ɗauro haramin wata Umarar: ta zaro 'yar jakar da ke rataye a wuyanta, ta baza takardun kuɗi a tafin hannu saboda ba ta bambanta ta goma da ta hamsin, ta miƙa wa direba ta ce ya ɗauki nasa. Abin da zai ɗauka a wannan lokaci babu mai hana shi sai tsoron Allah.

Cutar da ake yi wa irin wannan fasinja ba ta tsaya ga ninka masa kuɗin kujera ba. Wani lokaci ana sayar masa da mota gaba ɗaya alhali bai san akwai ta kujera ba, sannan a tsaya a hanya a ƙara masa fasinjoji a cikin motar da ya riga ya biya. Wani lokaci ana amsa masa cewa za a kai shi otal, sai a sauke shi nesa a ce hanya a rufe take, ko da a buɗe take. Kuma idan motar ba ta da lasisin haya, inshorarta ta motar gida ce, ba a yi ta don ɗaukar fasinja da kuɗi ba, abin da zai iya zama doguwar rigima ranar da aka yi hatsari, ga mutumin da bizarsa ta kusa ƙarewa kuma ba ya jin harshen da za a yi shari'ar da shi.

Duk da haka ba kowane ƙari da aka karɓa daga hannun mai Umara ne zalunci ba, kuma ina so ka yi wa direbobi wannan adalcin. Kai jakarka a cinyarka take, shi kuwa yana da akwati biyu da jarkar zamzam da buhun tsaraba, ya cika but shi kaɗai, wataƙila har ya hana a ɗauki wani mai kaya. Kai kana sauka a bakin titi ka ƙarasa da ƙafa, shi yana son ƙofar otal ɗin da bai riƙe sunansa ba, sai an yi ta zagaye ana duba katin da ke wuyansa, a unguwar da ake rufe hanyoyinta kafin kowace salla. Mace da ba ta son zama jiki da jiki da namijin da ba muharraminta ba tana tsare kujera biyu. Mai tasowa daga Madina yana buƙatar a tsaya masa a miƙatin Abyar Ali ya yi wanka ya ɗaura harami ya yi salla, mota tana jira. Duk waɗannan aiki ne da lokaci, kuma suna da kuɗinsu. Haka tsadar goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da cunkoso yake mayar da sawu uku ya koma ɗaya. Idan an ɗaga wa kowa, mazauni da baƙo, ban ga aibu ba. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: in da kai mazauni ne ka zo da wannan kaya ka nemi wannan hidima, za a karɓi wannan kuɗi daga hannunka? Idan za a karɓa, ƙarin na hidima ne. Idan ba za a karɓa ba, na rashin sani ne.

Akwai hujjar da nake ji daga bakin wasu direbobi, cewa wanda ya iya biyan kuɗin jirgi daga Afirka ba zai rasa riyal 50 ba. Wannan magana ba ta san su waye fasinjojinta ba. Riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, don haka duk faɗuwar da naira ta yi a gaban dala ta yi ta a gaban riyal. A farkon 2023 riyal ɗaya wajen naira 200 ne a kasuwar canji, bayan an saki naira a Yunin shekarar ya kai wajen 400 a 2024, kuma kujerar Hajji daga Nijeriya ta haura naira miliyan 8 a 2025. Mutumin da ya sayar da shanunsa ko gonarsa, ko 'ya'yansa suka haɗa masa kuɗi shekara da shekaru, riyal 50 a wurinsa naira 20,000 ce a canjin 2024, kuma guzurinsa ƙidayayye ne tun daga gida. Ko da ma attajiri ne, dukiyarsa ba ta halatta a yi masa ƙaryar farashi. Wanda ya fi ba ni kunya a nan shi ne namu, wanda zai yi wa alhaji sallama da Hausa, ya tambaye shi mutanen gida, alhaji ya saki jiki don ya ji harshensa a ƙasar da ba ya jin kowa, sannan a karɓi abin da baƙon direba ma zai ji nauyin karɓa. Ba duka ba ne, da yawa daga cikinsu sukan mayar da ɓataccen tsoho masaukinsa su ƙi karɓar ko halala, amma masu yi suna ɓata wa sauran suna.

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani a kan ainihin halin dattijuwar nan, wato mutumin da ya miƙa wuya ga mai sayarwa ya ce masa ya sayar masa yadda yake sayar wa mutane. Idan aka ƙara masa a kan farashin da aka saba, an ha'ince shi, kuma yana da haƙƙin warware cinikin. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a tari fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa, ya kuma ba mai kayan zaɓi idan ya iso, kuma malamai da yawa sun bayyana cewa dalili shi ne mai shigowa bai san farashin gari ba. Wanda ke tsayawa a ƙofar filin jirgi yana tarar mai Umara kafin ya ga bas ko jirgin ƙasa ko ya tambayi wani, bai yi nisa da wannan hani ba. A ɓangaren arha kuwa magana ta fi faɗi. Da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Annabi ya yanka farashi, ya ƙi, ya ce Allah ne mai sa farashi, mai ƙuntatawa, mai yalwatawa, mai azurtawa. Amma Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya iske Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, ya ce masa ko ya ƙara a farashi ko ya tashi daga kasuwar. Malamai sun yi saɓani a kan fassarar labarin, Imamu Shafi'i ma ya kawo ruwayar da ke nuna Umar ya janye maganar daga baya, amma abin da Malikiyya suka riƙe shi ne mutum ɗaya ko biyu ba su da damar saɓa wa farashin jama'ar kasuwa ta yadda za su cutar da ita. Mai karya kujera don ba ya ɗauke da nauyin da abokan sana'arsa suke ɗauke da shi yana da abin dubawa a nan.

A gida Nijeriya ƙungiyar direbobi ce take yanka kuɗin mota a tasha, ta tsare layi, ta hana wani ya karya. A Saudiyya babu ƙungiya irin NURTW, al'amarin yana hannun hukumar sufuri ta ƙasa. Hukumar ta kare fasinjan tasi a cikin gari da ƙa'idar cewa idan direba bai kunna mita ba tafiyar kyauta ce, manhajoji kuma suna nuna kuɗi tun kafin a shiga. Amma mita tana auna mota ne gaba ɗaya, ba ta auna kujera, don haka motar haɗaka ta faɗa tsakani, farashinta a bakin direba da fasinja kawai yake. Abin da nake ganin zai gyara duka ɓangarorin biyu shi ne kuɗin kujera rubutacce a tashoshi masu izini, da Larabci da harsunan baƙi, ɗaya na sauran watanni ɗaya na lokacin cunkoso, a rubuta kuɗin kaya da na kaiwa ƙofa da na jiran miƙati daban. Rubutaccen farashi yana hana a sauko da direba ƙasa da abin da zai riƙe motarsa, yana kuma hana a hau da baƙo sama da abin da kowa ke biya. Tare da shi dole a taɓa adadin da kamfanoni ke karɓa kullum, ya riƙa bin yanayin kasuwa, musamman a makonnin Hajji da ake taƙaita shiga Makka, ake tsaurara bincike a shingen Shumaisi da ke kan hanyar Jidda zuwa Makka, kuma ɗaukar wanda ba shi da izinin Hajji yake jawo tarar da ta kai riyal 100,000 a 2025. Alhazai a lokacin bas-bas ɗin da aka riga aka biya a kuɗin kujerarsu ta Hajji ke jigilarsu tsakanin garuruwa, direban ƙaramar mota yana kallo, kamfani kuma yana jiran kuɗinsa.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ke hannunka. Idan ka san kuɗin da aka saba, kuma kai ne na farko ko na biyu a mota, ka biya shi cikakke, kada ka yi amfani da yawan motocin da ke layi ka matse mutum. Idan ka ga an faɗa wa ɗan'uwanka baƙo ninkin abin da ka biya, ka duba kayansa da inda za a kai shi tukuna, in babu abin da ya bambanta ku, ka gaya masa da Hausa abin da ka biya, cikin ladabi ba tare da tozarta direba ba. Masu zuwa Umara kuma a koya musu tambayoyi kafin su ɗora kaya: kuɗin na mutum ɗaya ne ko na mota duka, a ina za a sauke su, kaya suna ciki ko daban, kuma kada su biya sai an isa.

Inda nake roƙon kowa ya ji tsoron arha shi ne hanyar Makka zuwa Madina. Tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce a kan titi miƙaƙƙe cikin sahara, irin wanda yake sa ko wanda ya ƙoshi da barci gyangyaɗi, kuma direban da aka matse wa kuɗin kujera ba zai iya dawowa fanko ko ya kwana ya huta ba, sai ya sauke ya sake lodi ya juyo a take. Idan aka faɗa maka kuɗin da ya yi ƙasa sosai da na bas mai lasisi, ka ɗauka cewa da barcin direban aka cike ragowar. Ga tsofaffi da masu iyali jirgin ƙasa ko bas nake ba da shawara. Idan kuwa dole sai ƙaramar mota, a tambayi direba yaushe ya iso daga can, a zagaya a dubi tayoyin, a kuma daidaita da shi tun kafin a tashi cewa za a tsaya hutu a rabin hanya, ko da za a ƙara masa wani abu a kan haka.